Ɗari ya shigo: kada mu saida wake mu sayi kafso

An kai dammunan hatsi rumbu, an gama roron wake, masu garka sun fara yashe rijiyoyi domin noman rani. Iskar gabas ta taso, buji ya rufe sama. Da asuba ruwan alwala yana cizon hannu, in liman ya tada salla kuwa, sahu biyu sahu uku sai tari kake ji. Babu gidan da za ka shiga ba ka tarar da yaro mai majina ba, ko tsohon da ya kwana yana kaki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a kasuwar garinmu na gan shi. Wani maƙwabcina ya kawo wake bisa jaki, ya saida shi duka ga masu awo. Kafin ya kama hanyar gida ya tsaya wurin mai tallar magani, irin masu jera ƙwayoyi bisa tire cikin rana. Ya sayi kafso mai launi biyu, ya ce yara uku ke fama da mura. Bayan isha'i na shiga gaida masu jiki. Tuwon da aka kawo mana na hatsi ne da aka surfe fari tas. Miyar kuwa ruwa ce da gishiri da dunƙulen kanti, sai ɗan garin kuka da ya rina ta. Dusar tana gaban tumaki. Nonon saniyar gidan tun da safe aka kai shi kasuwa.

Ban faɗi wannan domin in kunyata kowa ba, don ni ma na yi irin haka shekaru da dama kafin in gane. Ra'ayina dai shi ne: ƙarfin da jiki ke yaƙar mura da shi daga ciki yake tasowa, ciki kuwa abin da aka ba shi da shi yake aiki. Mu kuma a daidai wannan lokaci muke fitar da cimakar da ke gina garkuwar jiki, mu shigo da ƙwayar da ba ta maganin mura, tana ma ɓata hanji. Wannan ciniki ne na faɗuwa, ya kamata mu bar shi.

Mi ke kawo mura?

Kakanninmu sun ce sanyi ke kawo mura. Akwai gaskiya cikin maganarsu, amma da saura. Mura ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, wadda likitoci ke kira birus, kuma irinta ya fi 200. Tana bin atishawa da tari, tana bin hannun da ya fyace majina ya gaisa da wani. Akwai kuma babbar mura, mai zuwa da masassara mai zafi da ciwon gaɓoɓi ta kwantar da ƙato, ita ma birus ce ke kawo ta.

Aikin sanyi da ƙura shi ne buɗe ma cutar ƙofa. Cikin hanci da maƙogwaro akwai danshi da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta kafin su kai ƙirji. Iskar hunturu busasshiya ce, tana ɗauke da ƙurar hamada, mai yawa daga cikinta tun daga kwarin Bodele a arewacin Cadi take tasowa. Yanda take fasa leɓe da diddige, hakanan take busar da wannan danshi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'annan da dare mutane na taruwa ɗaki guda, a rufe ƙofa da taga, a hura wuta. Mai mura ɗaya ya ishi ɗaki duka.

Saboda haka babu abincin da zai hana mutum kamuwa da mura gaba ɗaya. Duk wanda ya ce maka yana da shi, kuɗinka yake so. Abin dubawa shi ne wannan: yara biyu su kamu rana ɗaya, guda ya miƙe cikin mako, gudan kuma abin ya gangara masa ƙirji ya zama ciwon huhu. Mi ya bambanta su? Sau da yawa amsar tana ga abin da suke ci, da kuma lafiyar hanjin da ke karɓar abincin.

Jama'ar da ke zaune cikin hanji

Duk manomin da ya taɓa tuge wake ko gujiya ya ga ƴan ƙullutai a jikin saiwa. Cikin waɗannan ƙullutai akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce masu bakteriya. Su ke jawo taki daga iska su ba shuka, shi ya sa gonar da aka noma wake take ba da hatsi mai kyau. Bafillatana kuma in tana son madara ta zama nono, sai ta zuba mata ɗan nonon jiya. Abin da ta zuba, irin bakteriya ne. Ke nan mun daɗe muna aiki da su, suna kawai ba mu sani ba.

To, cikin hanjin kowane mutum akwai irin wannan jama'a. A shekarar 2016 masu bincike sun ƙiyasta cewa babban mutum yana ɗauke da bakteriya kimanin biliyan dubu 38, akasarinsu cikin babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Mafi yawansu abokan zama ne na gari, kuma suna yi mana aiki uku.

Na farko, suna cika wuri. Gonar da shuka ta rufe ta, haki ba ya samun sarari. Hakanan in bakteriya na gari suka cika hanji, masu kawo zawo ba sa samun wurin zama cikin sauƙi.

Na biyu, suna cin abin da mu ba mu iya narkarwa. Dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyoyin ganye, duk waɗannan masana na kiran su harzar abinci. Harza tana wucewa har babban hanji, bakteriya su ci ta, su fitar da wani abu da ke ciyar da bangon hanji ya yi ƙarfi. In babu harza cikin abinci, sai su zauna da yunwa, su ragu.

Na uku, suna horar da dakarun jiki. Hanji shi ne babbar ƙofar da abin waje ke shiga jiki ta cikinta kullum, don haka dakaru masu ɗimbin yawa a bangonsa suke tsaro. A can suke koyon bambanta aboki da abokin gaba. Wannan horo kuma amfaninsa bai tsaya ga ciki ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2011, ɓerayen da aka kashe ma bakteriyar hanji da magani sun kasa yaƙar birus ɗin babbar mura yanda ƴan uwansu suka yi. Mutum ba ɓera ba ne, amma ishara ta ishi mai hankali.

Abin da muke gani da idonmu ma ya isa shaida. Yaron da zawo ya yawaita gare shi, bangon hanjinsa yana lalacewa, ko ya ci abinci ba ya kama jikinsa. Daga nan sai tamowa. Yaro mai tamowa kuwa, murar da wani zai share da hannun riga, shi tana iya kai shi gadon likita.

Ɓarnar kafson tire

Mafi yawan kafson da ake saye domin mura, irin maganin da ake kira antibiyotik ne. Wannan magani bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa birus ko kaɗan. Mura tana tafiya da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Mutum ya sha kafso rana ta huɗu, ya ji sauƙi rana ta bakwai, sai ya gode ma kafso, alhali jikinsa ne ya yi aikin.

Da a ce asarar ta tsaya ga kuɗi, da da sauƙi. Antibiyotik in ya shiga hanji ba ya tambayar wane ne na gari, wane ne mugu. Kamar mutum ne ya sa ma gona wuta domin ɓera ɗaya: kara ya ƙone, harawa ta ƙone, ɓeran kuma yana rami. Shi ya sa za ka ga yaro ya sha kafso domin majina, bayan kwana biyu zawo ya biyo. Bugu da ƙari, bakteriyar da suka tsira suna sabawa da maganin. Ranar da ciwon huhu na gaske ya zo, likita ya ba da maganin, sai a tarar ba ya ci. Ga shi kuma maganin tire ya sha rana da ƙura, ba a san ranar da aka yi shi ba, ba a san ko na jabu ne ba, kuma ƙwaya biyu ko uku ake saye gwargwadon kuɗin aljihu.

Wani mai karatu zai ce: ai mun ga ma'aikatan kiwon lafiya da kansu suna bi gida gida suna ba yara irin wannan magani. Gaskiya ne. An yi babban bincike a Boboye da Loga cikin jihar Doso, aka bayyana sakamakonsa a 2018. An riƙa ba yara ƴan wata 1 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin azitromisin sau biyu a shekara, kuma mutuwar yara ta ragu da kimanin 18 cikin 100. Amma masu binciken da suka auna bayan gidan yaran, sun tarar alamun bakteriya masu ƙin jin magani sun ƙaru. Darasin da na ɗauka shi ne, antibiyotik wuƙa ce mai kaifi. Tana ceton rai a hannun wanda ya san awo da lokaci, yana kuma bin sawun abin da zai biyo baya. Ba a barin ta bisa tire kowa ya ɗauka.

Hakanan shaye-shayen wankin ciki da wasu ke yi in sun ji jiki ya yi nauyi. Hanji ba tukunya ba ce da za a kankare. Zawon da mutum ya jawo ma kansa da gangan ruwan jikinsa yake kwashewa, ga tsoho da yaro kuwa haɗari ne babba.

Abin da ya kamata ya tsaya gida

Mu fara da wake. Ƙasarmu Nijar da Najeriya su ne kan gaba a noman wake a duniya. Amma a ƙauyuka da yawa, kafin watan Janairu ya ƙare babu tiya ɗaya a gida, masu awo sun kwashe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wake abin gina jiki ne, watau furotin, ya ninka na hatsi sau biyu. Abin da hatsi ya rasa na gina jiki yana cikin wake, abin da wake ya rasa yana cikin hatsi, shi ya sa haɗa su ya fi cin kowane shi kaɗai. Ɓawonsa kuma harza ce mai kyau. Masu kukan yana kumbura ciki, su jiƙa shi ya kwana, su zubar da ruwan, su dafa shi ya nuna sosai, su fara da kaɗan har ciki ya saba. A rage kanwa, domin yawanta yana kashe wasu bitamin. Ko ɗanwake, ko ƙosai, ko alala, ko a dafa shi da hatsi ko shinkafa, ko a daka shi cikin miya, duk wake ne.

Sai dusa. Matanmu suna alfahari da farin tuwo, a surfa, a wanke, a sake surfawa. Amma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da sinadarin zinki, da harza, da wasu bitamin, kaso mai yawa nasu a fatar ƙwayar hatsi suke. Ku dubi ragon da ake kiwo da dusa yanda yake sheƙi, ku dubi yaron da ke kai masa ita. Ban ce a bar surfe ba, na ce a sassauta hannu. A fidda ƙaiƙayi da tsakuwa da dauɗa, a bar hatsi da ɗan duhunsa. Ga masu neman iri kuma, akwai hatsin Chakti da cibiyar ICRISAT da INRAN suka fitar a ƙasarmu a 2018. Yana nuna da wuri, kuma sinadarin ƙarfensa ya fi na irin da muka saba. A tambayi malamin gona.

Na uku, abinci mai tsami. Iyayenmu mata da ke jiƙa hatsi, su niƙa, su bar ƙullu ya kwana kafin su dama koko, ilimi ne suke aiki da shi. Cikin hatsi akwai wani sinadari da ke ɗaure ƙarfe da zinki ya hana jiki ɗauka. Jiƙo da tsami suna kwance wannan ɗauri, kuma tsamin yana hana ƙwayoyin zawo yaɗuwa cikin kunu. Nono kuwa yana shigo da bakteriya na gari da ransu. Sharaɗi biyu ne: a tafasa madara tukuna, ta huce, sa'annan a zuba mata iri, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar dabba. Kuma ruwan da za a dama fura da shi ya zama mai tsabta. Fura da nono da aka dama da ruwan tabki, an ba da da hannun dama an karɓe da hagu. Daddawar kalwa da ta batso su ma su koma cikin tukunya. Suna da abin gina jiki, dunƙulen kanti kuwa kusan rabinsa gishiri ne.

Na huɗu, ganye da kayan garka. Allah ya haɗa lokacin mura da lokacin noman rani. Tun bayan farin 1984 aka ƙarfafa wannan noma a ƙasarmu, yau ga albarkarsa: zogala a Jiratawa da bakin kogin Yamai, albasa a Galmi da Madawa, garake a Mirya, lemu daga Timiya cikin duwatsun Abzin. Karoti, kabewa, zogala da sauran ganyaye masu duhun kore suna ba da bitamin A, wanda ke kiyaye fatar cikin hanci, ƙirji da hanji. Wannan bitamin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka kwaɗon zogala ko na rama da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ya yi daidai. Kuka, yakuwa, tafasa da malohiya in za a shanya su, a shanya a inuwa, rana tana cinye amfaninsu. Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da abincin da bakteriyar hanji ke so. Tumati, lemu, gwaba da garin ƴaƴan kuka suna da bitamin C. Shi ba ya hana kamuwa da mura, amma yana taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin tuwo da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka masu dafa shayi su jinkirta kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Salati da shu da duk abin da za a ci ɗanye, a wanke da ruwa mai tsabta.

Mai garka, kada ka loda komi bisa amalanke. Ka cire na tukunyar gidanka tukuna, kuma kada ya zama ruɓaɓɓen da kasuwa ta ƙi. Hakanan gujiyar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, a zubar da ita. Tana da dafin da ke lalata hanta yana raunana jiki, kuma suya ba ta kashe shi.

Yara ƙanana

Garkuwar yaro tana farawa daga nonon farko, watau dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar. Dakashi cike yake da kariyar da uwa ke miƙa ma ɗanta. Wani abin mamaki kuma, cikin nonon uwa akwai wani irin sukari da jariri ba ya iya narkarwa. An yi shi ne domin ciyar da bakteriya na gari cikin hanjinsa. Uwa tana shayar da ɗanta, tana kuma shayar da masu tsaron cikinsa. Saboda haka nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba dauri, ba jiƙe-jiƙe, sa'annan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2.

Daga wata 6 a fara kunu, amma mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali kamar ruwa. Cikin yaro ƙarami ne, tsararon kunu yana cika shi ba tare da ya ƙosar da jiki ba. A haɗa garin hatsi da garin soyayyen wake ko gujiya, a sa ɗan garin zogala da ɗan mai. In kaza ta yi ƙwai, a ba yaro. Yaro mai mura ba ya son ci, to a riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, a yawaita ba shi nono da abin sha, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har ya maida jikinsa. Ruwan ɗumi da lemun tsami da citta da zuma yana sanyaya maƙogwaron babba, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma.

In zawo ya zo, tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar haɗa abu biyu: ruwan gishiri da sukari na ƙunshin likita, da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Zinki yana gyara bangon hanji, yana kuma rage dawowar zawo cikin watannin da ke biye. A kai yara karɓar bitamin A da maganin tsutsar ciki duk wata 6. Tun 2014 aka shigar da rigakafin wata babbar ƙwayar ciwon huhu da na wani mugun zawon jarirai cikin rigakafin yaran ƙasarmu. Uwa, ki duba katin ɗanki, in da allurar da ta rage ki kai shi a cike.

Wankin hannu ma yana cikin maganar. Lokacin ɗari kowa na gudun ruwa, ga al'adarmu ta tsoma hannu goma cikin ƙwarya ɗaya kafin cin tuwo. Na ƙarshe dauɗar mutum tara yake wankewa da ita. A zuba ruwa da buta, da sabulu, in babu sabulu da toka: bayan fitowa daga salga, bayan wanke ma yaro, kafin girki, kafin ci. Wannan ɗabi'a ɗaya tana tare hanyar zawo da ta mura gaba ɗaya.

To, da mi za mu biya bashi?

Na san abin da magidanta za su ce, domin an faɗa mani a fuska. Kaka lokacin biyan bashi ne, ga lanho, ga kayan ƴan makaranta, ga aure da suna. Wake shi ne kuɗin talaka. In kuma aka ajiye shi, ƙwaro ya maida shi gari. Wannan magana ce mai nauyi, ba a ture ta da baki.

Amma mu yi lissafi. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. In gida ya ware buhu ɗaya tak, yana cin tiya ɗaya kowane mako, zai kai mako 40, watau daga Nuwamba har cikin Agusta, lokacin da noma ya fi cin ƙarfi kuma rumbu ya yi ƙasa. Wanda bai sami buhu ba ya ware rabi. Maganar ƙwaro kuma an sami mafita. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS a ƙasarmu, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe ƙwarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam, a ajiye inda ɓera ba zai huda ba. Ƙwaro yana mutuwa don rashin iska, ba tare da an zuba guba cikin abin da yara za su ci ba. Wanda ya iya haƙuri kuma, kowa ya san farashin kaka shi ne mafi ƙasa a shekara. Inda akwai ƙungiyar manoma ko bankin cimaka, a nemi hanyar ajiye amfanin gona a karɓi rance bisa kansa, maimakon a zubar da shi da arha.

Akwai kuma abin da ba mu son ji, mu maza. Ranar kasuwa mai gida zai ci tsire, ya sha shayi da madara da burodi, ya dawo da hannu biyu. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da yaron da aka yaye, su ne suka fi kowa buƙatar abin gina jiki, kuma su ne ke cin abin da ya rage. Kuɗin tsire ɗaya da na kafson tire, in an haɗa, sun sayi ƙwai da nono da lemun da za su shiga cikin yara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yaushe za a garzaya gidan likita?

Abinci rigakafi ne, ba ya maye gurbin likita in ciwo ya yi tsanani. Mura ta yau da kullum hutu take so, da abin sha mai ɗumi, da sutura, da rufe hanci da rawani ko gyale in ƙura ta taso. Amma a lura da numfashin yaro yana kwance lafiya, ba yana kuka ba. A ƙirga cikin minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Wannan alamar ciwon huhu ce, a tafi ranar nan. Hakanan in ƙasan ƙirjinsa yana shiga ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi taune-taune, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa. A nan ne antibiyotik ke da aiki, daga hannun likita, kuma a shanye shi har ƙarshen kwanakin da aka faɗa. Tun 2006 hukuma ta ɗauki ƙudurin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati, kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da yaro yana haki.

Masassara a jikin yaro tana son awon jini, domin ta sauro ba ta ƙarewa da damina. Masassara da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya kuwa, a yi zaton sanƙarau. Lokacinsa ke nan har zuwa faɗuwar ruwa, kuma mutanen Yamai da Doso ba su manta da annobar 2015 ba. Tarin da ya wuce mako 2, a je a auna kaki saboda tarin fuka. Tsofaffi da mata masu ciki kada su yi jinkiri in mura ta haɗu da wahalar numfashi. Sa'annan kada a kwana da garwashi cikin rufaffen ɗaki. Hayaƙi yana raunana ƙirjin yara, iskar gawayi kuma tana kashe mutum cikin barci.

Ƴan uwa, maƙwabcin nan nawa mun zauna mun yi wannan magana. Bai ce na yi gaskiya ba, bai ce na yi ƙarya ba. Amma da ya sussuka sauran wakensa, na ga ya auna tiya ashirin ya miƙa ma uwargida, ya ce wannan ba na kasuwa ba ne. Abin da nake roƙon kowane magidanci ke nan a wannan kaka: kafin ka ɗaure bakin buhu, ka fidda rabon gida. Ke kuma uwargida, ki sassauta surfe, ki bar ƙullu ya yi tsami, ki sa ganye da wake cikin tukunya, ki rage nonon da yara za su sha kafin a kai saura kasuwa. Wanda ya karanta wannan ya karanta ma wanda bai iya ba, a dandali da wurin karatun yaƙi da jahilci.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka. Amin.